Ɗiban Gwamna: Dokar Ƙwadago da Kasuwar Duniya a Kudancin Sakkwato

Ranar 15 ga Fabrairu, 1942, sojojin Birtaniya suka miƙa wuya ga Japan a Singafo. Da wuya a ce labarin ya iso kasuwar Tambuwal ko fadamun Kebbe a wannan mako, kuma ko da ya iso, babu abin da zai sa manomin da ke jiran damina ya ɗauka maganar ta shafe shi. Sai dai ƙasar Malaya, wadda ta faɗi tare da Singafo, ita ce ke fitar da kusan sulusin kuzar duniya, yaƙi kuwa ba ya yiwuwa sai da kuza. Da ita ake shafe gwangwanin abincin soja, da ita ake liƙa wayoyin na'urori, tana kuma cikin sassan injin jirgi da na tanka. Cikin 'yan makonni Japan ta haɗa da tsibiran Indonesiya ta haɗiye. Wurin da ya rage wa Birtaniya a faɗin daularta, inda za ta samu kuza mai yawa, shi ne tsaunukan Jos. Kafin shekarar ta fita, umarni ya taso daga Legas, ya bi ta Kaduna, ya sauka ofishin Razdan na Sakkwato, ya wuce fadar Sarkin Musulmi, ya gangaro ga uwayen ƙasa, daga nan ga hakiman ƙauyuka da masu unguwanni. Ana son mutane. Hausawa suka raɗa wa abin suna ɗiban gwamna.

Abin lura shi ne, shekara goma sha ɗaya kafin wannan umarni Birtaniya ta amince da yarjejeniyar duniya da ta haramta aikin tilas, a 1933 kuma ta kafa dokar da ta dace da ita a Nijeriya. Duk da haka, a takarda, ɗiban gwamna bai karya yarjejeniyar ba. Ta wata ƙofa ya bi, wadda masu rubuta ta suka bari a buɗe da gangan. Wanda ya bi tarihin dokokin ƙwadago da suka iso kudancin Sakkwato daga waje zai yi ta cin karo da irin wannan ƙofa, kuma kusan kullum faɗinta daidai yake da buƙatar mai sayen kaya.

Kafin zuwan Turawa

Tambuwal ribaɗi ce tun farkon Daular Usmaniyya, mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, tana kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega. Jega kuwa a ƙarni na 19 tana cikin manyan kasuwannin yammacin daular. A nan ayarin fatake ke haɗuwa kafin su ƙetare Kwara su nufi Gwanja neman goro, ɗauke da tufafi da kanwa da kayan fata. Kebbe na kudu, cikin kwarin Gulbin Zamfara mai yalwar fadama. Wato yankin bai jira Turawa ba kafin ya san cinikin nesa, kuma ya san cewa kowane kaya da ya hau hanya gumin wani ne. Hatsin da ayari ke guzuri da shi da audugar da masaƙa ke saƙawa sun fito ne daga gandun iyali da kuma rinjin bayi.

Akwai doka a kan aiki tun a lokacin. Babin ijara a littattafan fiƙihun Malikiyya, irin su Risala da Muhtasar, ya shar'anta a san ladan aiki a kuma san iyakarsa kafin a fara, alƙali kuma yana sauraron ƙarar wanda aka hana hakkinsa. Bawa ma yana da hanyar murgu, inda zai yi aikin kansa yana biyan ubangijinsa wani abu sananne, da hanyar fansa in ya tara kuɗi. Amma ba a rufe gaskiya: wannan tsari yana zaune ne kan bauta mai yawan gaske. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, waɗanda suka yi dogon bincike kan ƙarshen bauta a Arewa, sun ƙiyasta bayin daular a wajen 1900 tsakanin miliyan ɗaya zuwa miliyan biyu da rabi.

Da wannan hujja Frederick Lugard ya sayar wa mutanen Ingila yaƙinsa. Ƙasashen Turai sun riga sun ɗaura wa kansu alkawarin yaƙi da cinikin bayi a taron Balin na 1884 zuwa 1885 da na Burasal na 1890, a zaman da suke raba koguna da kasuwannin Afirka a tsakaninsu. Sanarwar da Lugard ya fitar a 1901 ta hana harin kama bayi da sayar da su, ta ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne. Amma ba ta 'yanta waɗanda ke cikin bauta ba. Da Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, 1903, abin da Lugard ya fi tsoro shi ne bayi su watse, gonaki su mutu, sarakunan da yake son yin mulki ta hannunsu su talauce. Saboda haka aka riƙa hana bawan da ya gudu gona a inda ya sauka, ana tura shi kotun alƙali ya fanshi kansa. Tawayen Satiru na 1906, a kudu da birnin Sakkwato, wanda bayin da suka gudu na cikin waɗanda suka cika sahunsa, ya ƙara wa Turawa da sarakuna yaƙinin cewa sakin mara ba alheri ba ne gare su. An ƙone garin ranar 10 ga Maris. Sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a dokar Arewa, shi ma bayan matsin lamba daga kwamitin tsohuwar majalisar ƙasashen duniya da ke zama a Jeniba.

Abin da ya kwance bauta a aikace ya fi kama da haraji fiye da sanarwa. Da aka wajabta biyan haraji da jangali da kuɗin Turawa, wuri ya daina amfani, sai ɗa da bawa duk suka shiga neman sule. Ubangiji ya ga ya fi masa riba ya bar bawa ya tafi nema ya kawo murgu. Talaka ya ga bayan kaka babu abin da zai ba shi kuɗin haraji a gida sai ya sayar da hatsin da zai ci. A haka tsohuwar al'adar cin rani ta canza kama, ta koma hanyar samar wa sabuwar kasuwa leburori masu arha. Inda neman kuɗin haraji bai kawo isassun hannaye ba, sai gwamnati ta nemi sarakuna su ɗebo mata. Da irin wannan ɗiba aka shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911, layin da ya buɗe wa gyaɗa da auduga da fatun Arewa hanyar teku.

Abin da aka rubuta a Jeniba

An kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1919, cikin yarjejeniyar da ta rufe Yaƙin Duniya na Ɗaya. Waɗanda suka kafa ta ba su ɓoye cewa akwai lissafin kasuwa a ciki ba. Gabatarwar kundinta ta nuna cewa ƙasar da ta ƙi kyautata wa ma'aikatanta tana zame wa sauran ƙasashe cikas, domin kayanta za su fi arha, masu son gyara su yi asara. Amma kundin ya ba ƙasashe masu mulkin mallaka damar yi wa kowace yarjejeniya kwaskwarima, ko su jingine ta, idan suka ce yanayin ƙasar da suke mulka bai dace da ita ba. Awa takwas ta aiki da aka amince da ita a 1919 ta ma'aikacin masana'antar Turai ce.

Sai a ranar 28 ga Yuni, 1930 aka zartar da yarjejeniya ta 29, wadda aka rubuta musamman saboda ƙasashen da ake mulka. Cikin ƙwararrun da suka share mata fage har da Lugard, wanda a lokacin ya yi ritaya ya zama dattijon da Turai ke tuntuɓa kan sha'anin Afirka. Yarjejeniyar ta fassara aikin tilas da duk aikin da aka sa mutum bisa barazanar horo, ba tare da ya miƙa kansa da son ransa ba. Ta haramta yin sa domin amfanin kamfani ko wani mutum. Inda gwamnati za ta ci gaba da shi na ɗan lokaci, an gindaya sharuɗɗa: maza masu lafiya kawai, daga shekara 18 zuwa 45, kada a ɗebi fiye da rubu'in mazan gari a lokaci guda, kada mutum ya wuce kwana 60 cikin wata goma sha biyu, har da kwanakin tafiya da dawowa, a biya shi ladan da ake biyan lebura mai zuwa da kansa, kada a sa shi aikin ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa. A ma'aunin zamanin, wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. Birtaniya ta amince a 1931, Faransa ta ja ƙafa har 1937, Fotugal kuwa sai 1956.

Ƙofar tana cikin sashe na biyu. A can aka jera ayyukan da ba za a kira su aikin tilas ba sam: aikin soja, aikin fursuna, ƙananan ayyukan al'umma, da duk aikin da aka nema a halin ko-ta-kwana kamar yaƙi, gobara, ambaliya ko yunwa. Abin da aka cire daga ma'ana kuwa, babu sharaɗin da ya hau kansa, ko na kwana 60 ko na rubu'i.

Batun ƙananan ayyukan al'umma shi ya fi taɓa rayuwar yau da kullum a gundumomi irin Tambuwal da Kebbe. Jami'an mulki sun so su kira sharar hanya da ginin barikin saukar Di'o da ɗaukar kayansa in yana rangadi da sunan aikin gayya. Bahaushe kuwa ya san gayya. Mai gona ne ke gayyata, ya tanadi fura da tuwo, makaɗa su zo, kuma wanda ya taya yau za a taya shi gobe. Wanda bai zo ba kunya ce kawai hukuncinsa. Aikin da dogari ke tsaye a kansa, wanda ba ya zagayowa gonar kowa, sunansa daban ne, kuma talakawa ba su taɓa ruɗewa a kan bambancin ba, ko da rahoton shekara ya ruɗe.

Kwana goma sha ɗaya kafin a zartar da yarjejeniyar Jeniba, Amurka ma ta sa hannu a dokar kuɗin fito ta 1930, wadda sashenta na 307 ya hana shigo da kayan da aka samar da aikin tilas. Ita ma da tata ƙofar: hanin bai shafi kayan da Amurka ba ta samar da isasshensu a gida ba. Koko da roba da kuza duk sun faɗa cikin wannan rukuni, wato ainihin kayan da ake tilasta wa mutane samarwa a ƙasashe masu zafi. Sai a Fabrairun 2016 aka toshe wannan gurbi.

Wata huɗu a kan dutse

A 1931, da farashin kuza ya karye saboda durƙushewar tattalin arzikin duniya, Nijeriya da Malaya da Bolibiya da tsibiran Indonesiya da ke hannun Holan suka ƙulla yarjejeniyar rage haƙa domin farashi ya farfaɗo. Kamfanonin Jos suka sallami dubban leburori ba tare da ko sisin sallama ba, babu kuma dokar da ta ce a ba su. Shekara goma sha ɗaya bayan haka kamfanonin nan, da babbansu Amalgamated Tin Mines of Nigeria, suka ce ba su da isassun hannaye. Hanyar da kasuwa ta sani ita ce a ƙara lada har mutane su zo da ƙafarsu. An zaɓi wata hanyar. Gwamna Bernard Bourdillon ya fitar da ƙa'idojin aikin ƙasa na dole a ƙarƙashin dokokin yaƙi, aka yanka wa larduna adadi, Sakkwato na cikinsu.

Yadda ake raba adadin shi ne zuciyar lamarin. Lardi ya raba wa masarautu, masarauta ta raba wa gundumomi, uban ƙasa ya raba wa ƙauyuka, mai gari ya zaɓi sunaye. Bature ba ya shiga gida ya kamo kowa, don haka fushin talaka kan En'e yake sauka. Duk wanda ya san zaman ƙauye ya san wanda ake zaɓa idan aka ce mai gari ya kawo mutum biyar: baƙo, da marar galihu, da wanda bai biya haraji ba, da ɗan tsohon bawa, da wanda ba shi da abin da zai kai gaisuwa a cire sunansa. Kowane rukuni zai yi wata huɗu, ninki biyu na abin da yarjejeniyar Jeniba ta yarda da shi, kuma amfanin aikin na kamfanoni ne masu hannun jari a Landan. Da za a auna da sharuɗɗan 1930, an saɓa biyu daga cikin manyansu. Amma yaƙi ake yi, sashe na biyu ya riga ya ce wannan ba aikin tilas ba ne.

Mutumin da ya tashi a zafin Sakkwato ya sami kansa a tudu mai tsayin fiye da mita 1,200, inda hunturu ke ratsa ƙashi, ba shi da bargon kirki, a bukkokin da aka kafa cikin gaggawa. Aikin na diga da shebur ne da kwanon sarki, a sare ƙasa a ɗauko a ka daga cikin rami zuwa inda ake wankewa, sau da yawa ƙafa cikin ruwan sanyi. Abinci bai isa ba. Ciwon huhu da atuni da sanƙarau suka shiga barikoki, mace-macen suka fi muni a wurin ginin madatsar ruwa ta Tenti, wadda ake yi domin ƙara wa ma'adinan wutar lantarki. Bill Freund, wanda ya rubuta tarihin leburorin kuzar Nijeriya a 1981, ya nuna cewa mutanen da aka ɗiba tsakanin 1942 da 1944 sun doshi 100,000. Ɗaruruwa sun mutu a lissafin gwamnati kanta, lissafin kuma bai haɗa da wanda ya gudu ya mutu a hanya ko ya kai gida da cuta ba. Gudu kuwa an yi shi da yawa, shi ne kaɗai ƙarar da mutumin da ba shi da ƙungiya ba shi da lauya yake iya ɗaukakawa.

Cutar ba ta tsaya kan waɗanda aka ɗiba ba. Dole a ciyar da barikokin, sai gwamnati ta shiga karɓar hatsi daga larduna a farashin da ita ta yanka, a daidai lokacin da damina ta yi gardama. A wasu sassan ƙasar Hausa har yau ana tuna yunwar wannan zamani da sunan 'Yar Gusau. Gida ɗaya yana iya rasa majiyin ƙarfinsa ya kuma rasa abin da ke rumbu cikin shekara guda.

Me aka samu? Kuzar da aka fitar ta haura tan 17,000 a 1943, adadi mafi girma a tarihin ma'adinan. Amma ƙarin bai yi daidai da yawan mutanen da aka tara ba, domin mayunwacin da aka kawo bisa dole, wanda bai taɓa riƙe diga a ramin kuza ba, ba ya aikin ƙwararre. A Landan Arthur Creech Jones da wasu 'yan jam'iyyar Leba suka yi ta ta da maganar a majalisa, a Legas jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe ta yi ta suka. Aka daina ɗiban a 1944. Mai adalci zai yaba wa masu sukar, amma zai kuma lura cewa an daina ne a lokacin da lissafi ya nuna tsarin ba ya biyan kuɗin da ake kashewa a kansa, kuma ƙarancin kuza ya fara sauƙi. Kura ta sha bugu, gardi ya karɓi kuɗi, aka tashi wasa.

Wanda doka ba ta gani

Bayan yaƙi dokar ƙwadago ta bunƙasa a Nijeriya. An halatta ƙungiyoyin ma'aikata tun 1938, aka yi babban yajin aiki na 1945 wanda sunan Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa, aka fitar da kundin dokar ƙwadago a shekarar, sannan harbe mahaƙan kwal 21 a Inugu ranar 18 ga Nuwamba, 1949 ya mai da hakkin ma'aikaci maganar siyasar ƙasa. A ƙasashen Faransa, har da Nijar, dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas ranar 11 ga Afrilu, 1946. Duk waɗannan nasarori ne na gaske. Amma ma'aikacin da suka siffanta shi ne mai albashi, mai suna a rajista: ɗan reluwe, ɗan tashar jirgin ruwa, akawu. Mutumin kudancin Sakkwato ba ya cikin hoton.

A ranin 1952 zuwa 1953 hukumomin Lardin Sakkwato suka kafa masu ƙirga a mashigai da manyan hanyoyi domin sanin yawan masu fita. Masanin labarin ƙasa Mansell Prothero, wanda ya nazarci sakamakon, ya ba da adadin kimanin mutum 259,000 cikin rani ɗaya, kusan kashi uku cikin huɗu 'yan lardin ne, sauran galibi daga ƙasar Faransa suka ratso. Da yawansu a ƙasa suke tafiya, abin da ya sa ake ce musu 'yan tuma da gora. Hanyar kudu, wadda ta ratsa Tambuwal ta bi Jega ta kai Yawuri, tsohuwar hanyar goro ce, sai dai yanzu abin da ke bin ta ƙarfin mutum ne. Wasu ƙasar Yarabawa suka nufa, wasu Jos, wasu kuma Gwalkwas, wadda Hausawa suka ci gaba da kira Gwanja.

Akwai wani abin mamaki a tarihin kokon da suke zuwa nomawa. A 1909 kamfanin Cadbury ya daina sayen kokon tsibirin Sawo Tome, bayan an fallasa cewa Fotugal na noma shi da mutanen da aka kamo daga Angola. Wannan na cikin lokutan farko da ra'ayin masu saye ya juya akalar wata babbar kasuwa saboda halin ma'aikata. Kamfanin ya karkata ga Gwalkwas, inda manoma 'yan ƙasa ke da gonakinsu, kuma zuwa 1911 ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya. Yayin da gonakin suka faɗaɗa, hannayen da ke sassabe da ɗiba da dako suka riƙa zuwa daga arewa, daga ƙasar Mosi da Zabarma da Sakkwato. Babu wanda ya kamo su, saboda haka lamirin mai shan cakulan ya kwanta. Yarjejeniyar Jeniba ta 1936 kan ɗaukar ma'aikata 'yan ƙasa ta kare wanda wakilin kamfani ya je ya ɗauko ne kawai. Wanda ya kawo kansa bakin gona ba ya cikinta, ko da takardar haraji ce ta koro shi daga gida. Kariyarsa ita ce mai masaukinsa a zango da Sarkin Hausawan garin, kuma sau da yawa sun yi abin da doka ba ta yi ba, wajen karɓo ladan da aka riƙe da jinyar marar lafiya da suturar mamaci.

Iyakar wannan kariya ta bayyana ranar 18 ga Nuwamba, 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Mutanen da suka shekara ashirin ko talatin suna aiki a can suka dawo da abin da za su iya ɗauka a ka. Nijeriya ta yi wa 'yan Gana irin wannan a 1983, shekara huɗu bayan ta sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS ta walwalar zirga-zirga.

Singafo kuma

A Disambar 1996 ministocin sabuwar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suka yi taronsu na farko, a Singafo. Amurka da wasu ƙasashen Turai suka nemi a ɗaura damar shiga kasuwa da mutunta hakkin ma'aikata. Yawancin ƙasashe masu tasowa suka ƙi, suna cewa dabara ce ta toshe wa kayansu hanya da sunan tausayi. Zarginsu yana da tushe, tarihin da ya gabata ma shaida ne. Amma wasu masu ƙin suna da nasu dalilin da ba su faɗa ba. A Nijeriya gwamnatin Sani Abacha ta rushe shugabancin NLC da na ƙungiyoyin ma'aikatan mai, NUPENG da PENGASSAN, tun Agustan 1994, Frank Kokori kuma yana tsare ba shari'a. Taron ya ƙare da miƙa batun ga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ba ta da ikon tsayar da jirgin kaya ko ɗaya. A Maris na 1998 ta kafa kwamitin bincike kan Nijeriya, matakinta mafi tsanani. An dakatar da ƙasar daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, an hana hafsoshinta biza, amma ɗanyen mai bai daina fita ba ko na yini guda.

Dokar cikin gida ma ta gaji siffar ma'aikacin da aka zana tun zamanin Turawa. Shehu Shagari, wanda garinsu ke kan wannan hanya tsakanin Sakkwato da Tambuwal, shi ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi ta farko a 1981, naira 125, bayan yajin aikin NLC ƙarƙashin Hassan Sunmonu. Dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 50 ba, da masu aikin jinga ko kamasho, da masu aikin da ke bin yanayin shekara irin noma. A 2019 aka rage 50 zuwa 25, a 2024 aka ɗaga albashin zuwa naira 70,000, sauran keɓewar kuwa suna nan. In aka karanta jerin waɗanda aka cire, siffar ɗan cin rani ce tsaf, kamar da shi aka auna.

Kasuwar duniya kuwa ba ta daina miƙo hannu yankin ba. Da farashin zinariya ya tashi, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gabas da Kebbe, suka mai da tsakar gida wurin daka duwatsu, mata da yara na cikin masu aikin. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400. A 'yan shekarun nan kuma rahotanni daga Zamfara da gabashin Sakkwato sun yi ta nuna 'yan bindiga suna tilasta wa ƙauyuka su nome musu gonaki, wanda ya ƙi a ƙone garinsu. Babu aikin da ya fi wannan dacewa da fassarar 1930, kuma abin da aka girbe a irin waɗannan gonaki kasuwa yake shiga, ya gauraya da na kowa.

Nan ne sabuwar dokar Tarayyar Turai ta shigo. An zartar da ita a ƙarshen 2024, za ta fara aiki ranar 14 ga Disamba, 2027, kuma ta hana sayar da duk kayan da aikin tilas ya taɓa a kowane mataki, daga gona ko rami har masana'anta. Ma'anar da ta ɗauka ita ce ta sashe na biyu na yarjejeniyar 1930. Wata ƙarin yarjejeniya ta 2014, wadda Nijar ce ƙasar farko da ta amince da ita, ta share tsofaffin sharuɗɗan kwana 60 da rubu'i, amma jerin keɓewar sashe na biyu yana nan yadda Lugard da abokansa suka bar shi.

Hukuncin dokar kan kaya yake sauka: a tsare su a tashar jirgi, a janye su daga kanti. Ba ta tanadi diyya ga wanda aka tilasta ba. Abin da za ta sa mai saye ya nema shi ne shaidar asalin kaya. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka saya a kasuwar ƙauye takan bi hannun dillalai da dama kafin ta isa majemun Sharaɗa da Chalawa a Kano, daga can ta wuce Italiya ko Sifen, kuma babu takarda ko ɗaya a matakan farko na tafiyar. Haka riɗi yake. Mai saye a Turai yana iya biyan kuɗin bin sawun kayan, yana iya zabtare kuɗin daga farashin da zai ba Kano, Kano ta zabtare daga na dillali, dillali daga na mai akuya, yana kuma iya komawa wata ƙasar da takardunta suka cika. Dokar ta bar masa zaɓi tsakanin ukun.